Miyau-miyau: takin fure ne ko ƙwaya?

Sadiƙ, Pune
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya gare ni ga masana magani da ke cikinmu, kuma don Allah kada a mai da ni abin dariya. Akwai yaron da muke haya gida ɗaya da shi a nan Pune ta ƙasar Indiya, ɗalibi ne kamar ni amma ba ɗan ƙasarmu ba. Daren Asabar bai runtsa ba. Har na tashi sallar asuba ina jin takunsa a falo, yana ta zuba a waya kamar an kunna rediyo. Da gari ya waye na same shi a kicin, muƙamuƙinsa na ta motsi kamar akuya na tuƙa, haƙora na ƙara, idanu sun yi wuri-wuri, riga ta jiƙe sharkaf alhali fanka na gudu. Gumin ma wani wari gare shi mai hawa kai, har yanzu yana jikin kujera. Da na matsa masa da tambaya sai ya ce in kwantar da hankalina, miyau-miyau ne kawai, asalinsa ganye ne, kuma a Turai ma a kanti ake sayar da shi a matsayin takin fure. Mene ne wannan abin? Gaskiya ya faɗa ko raina mini hankali yake yi?

Garba Direba
Miyau-miyau kuma? Kyanwar wa aka kama aka haɗa shi?

Hajiya Rabi Famasi, Kano
Wa alaikumus salam Sadiƙ. Garba, ajiye wasan nan tukuna. Sunan abin mefedron, a takardun masana kuma 4-MMC. A can Indiya 'yan sanda da 'yan jarida MD suke ce masa. Sinadari ne mai zaburar da jiki, dangin su amfetamin, kuma tun daga farko har ƙarshe a ɗakin haɗa sinadarai ake yin sa, babu ganye ko ɗaya a ciki. Zancen takin fure akwai tarihi a bayansa, amma babu furen da aka taɓa zuba wa shi ya yi kyau. Abin da nake so ka fara riƙewa, ɗana, shi ne Indiya ta haramta shi tun 2015, yana cikin dokarsu ta miyagun ƙwayoyi. Kai kuma baƙo ne a ƙasar, ga shi rufi ɗaya kuke kwana.

Alhaji Ɗanladi
Hajiya a yi mini afuwa, amma ina jin yaron nan bai yi ƙarya gaba ɗaya ba. Zamanin da nake fataucin fata na sha zuwa Habasha da Jibuti. A Harar da zarar an idar da azahar za ka ga dattawa, masu gemu da carbi, sun shimfiɗa tabarma sun jingina da filo, kowa da damin ɗanyen ganye a gabansa, yana tsinkar toho yana cusawa har kunci ya kumbura kamar ya ɓoye ƙwai. Su suna ce masa cat, mutanen Yaman su ce ƙat, 'yan Kenya su ce mira. An gaya mini sinadarin da ke cikin ganyen nan shi ne uban waɗannan ƙwayoyin. Na zauna da su, hira suke yi suna lissafin kasuwa, ban ga wanda ya tuɓe riga ya faɗa titi ba. To in uban bai haukata kowa ba, ta yaya ɗan ya zama dodo?

Malam Habibu, Zariya
Baba Alhaji, abin da aka gaya maka gaskiya ne, sai dai rabinta aka ba ka. Bari in zana shi yadda nake zana wa ɗalibaina a allo.

Ku ɗauki ludayi. Kan ludayin zobe ne mai zarrar kabon guda 6. Mariƙin kuma kabon 3 ne a jere, na tsakiyar yana ɗauke da naitirojin. Wannan ludayin shi ne amfetamin. Yanzu a maƙala oksijin guda a kan kabon na farko, wanda ke manne da zoben. Ya zama katinon, wato ainihin abin da ke sa masu taunar ƙat su wartsake. A ƙara wani ɗan guntu, kabon 1 da haidirojin 3, wanda muke kira metil, a jikin naitirojin ɗin. Ya zama metkatinon. Sai a sake ɗauko wani metil a kafa shi a bakin ludayin, can ɓangaren da ya fi nisa da mariƙi, wurin da muke ƙirgawa na 4. To shi ne mefedron, daga nan kuma lambar nan 4 ta sunansa ta fito. Jimillarsa kabon 11, haidirojin 15, naitirojin 1, oksijin 1.

Kowane ƙari da aikinsa. Oksijin ɗin na sa sinadarin ya fi son ruwa, don haka ba ya kutsawa ƙwaƙwalwa da sauƙin da metamfetamin ke yi. Metil ɗin bakin ludayi kuma yana karkatar da shi ya taɓa serotonin sosai, wani sinadarin ƙwaƙwalwa mai alaƙa da nishaɗi da barci, abin da katinon na ganye bai cika yi ba. Ka ga ke nan dangantakar a zane take, ba a gona ba.

Ga kuma wani bambanci da idonka ya gani, Baba. Katinon ba ya jimiri. Daga tsinke ganyen zuwa kamar kwana 2 ya riga ya rikiɗe ya koma wani sinadari da ake kira katin, mai rauni ƙwarai. Shi ya sa ake naɗe damin da ganyen ayaba, shi ya sa motocin mira daga Meru ke sheƙa gudun fitar rai zuwa Nairobi. Wannan saurin lalacewar ne ma ya sa masana suka daɗe suna zaton katin ne ke aikin, sai a 1975 aka gano katinon a ɗakin binciken Majalisar Ɗinkin Duniya. Mai tauna yana shafe awanni yana tsotsar ɗan kaɗan-kaɗan daga ganye mai ɗaci, muƙamuƙi ma kan gaji ya tsayar da shi. Gari zalla babu abin da ke tsayar da mai shan sa. Mai cin goro uku a yini da wanda ya kamfaci garin kafeyin da cokali, sinadari ɗaya suka sha, amma ɗayan asibiti za a kai shi.

Alhaji Ɗanladi
Wallahi Malam ka tuna mini. A Jibuti in kayan ganyen nan suka makara, gari kan yi tsit kamar an yi rasuwa. Ashe tsoron lalacewa ne. Amma kada a ce na wanke ganyen, na ga magidantan da kuɗin cefane ke ƙarewa a kansa.

Ummi, ɗalibar likitanci
Malam Habibu, sabon ƙirƙira ne ke nan? Sannan Anti Rabi, ina son sanin yadda yake aiki a jijiya. An koya mana hodar iblis da amfetamin, amma ba a taɓo wannan ba.

Malam Habibu, Zariya
Ko kusa, Ummi. Tun 1929 aka fara haɗa shi, aka buga a mujallar ƙungiyar masana sinadarai ta Faransa, sannan ya kwanta a takarda fiye da shekara 70 babu mai waiwayarsa. Wajen 2003 wani mai ɓoyayyen suna a intanet ya tono shi. A Isra'ila kuma an yi ta sayar da katinon a kafso da sunan hagigat har aka haramta shi a 2004, sai masu sana'ar suka koma taɓa zanen kaɗan don su kauce wa doka. Da yawa cikin waɗannan da ake kira sababbin ƙwayoyi haka suke, tsofaffin takardu ne da kamfanonin magani da jami'o'i suka yar, wasu suka tsince.

Hajiya Rabi Famasi, Kano
Ummi, ke abin ba zai ba ki wuya ba, amma bari in faɗe shi yadda kowa zai bi. Tsakanin jijiyar ƙwaƙwalwa da 'yar'uwarta akwai 'yar rata. In ta farko za ta aika saƙo sai ta feso sinadari cikin ratar: dofamin mai sa ɗoki da son ƙari, ko noradirenalin mai sa zuciya gudu jini ya hau, ko serotonin mai taɓa nishaɗi da barci da zafin jiki. Da an isar da saƙon, akwai ƙananan famfuna a jikin jijiyar da ke zuƙe sinadarin su mayar da shi rumbu, kowane sinadari da famfonsa.

Hodar iblis toshe famfon take yi, sai abin da aka feso ya taru a ratar. Mefedron ya fi ta wayo. Ya yi kama da sinadaran jikin, sai famfon ya ɗauka ɗan gida ne ya zuƙe shi ciki. Da shigarsa sai ya sa famfon ya koma aiki da baya, yana kwaso abin da ke rumbu yana watsowa waje ko ba a aiko da wani saƙo ba. Kuma famfunan nan uku duka yake yi wa haka.

A 2011 masu bincike a Suwidin sun auna abin a ƙwaƙwalwar ɓeraye. Amfetamin ya ɗaga dofamin kamar ninki 4, amma serotonin bai kai ninki 2 ba. Ekstasi, wata ƙwaya da ake sha a gidajen rawa, ta ɗaga serotonin ninki 9, dofamin ninki 2 da ɗoriya. Mefedron ya haɗa biyun: dofamin kusan ninki 5, serotonin fiye da ninki 9. Shi ya sa yaron Sadiƙ ke da kuzarin mai amfetamin, ga kuma surutu da son mutane irin na mai ekstasi. Cizon haƙora da gumin ma daga nan suke.

Amma inda gizo ke saƙar shi ne ba ya daɗewa. An gwada shi a kan mutum 12 a Basalona, aka buga sakamakon a 2016. Cikin awa 2 da 'yan mintoci rabinsa ya bar jini, alhali ekstasi sai ta kusa awa 8. Ya hau da sauri, ya sauka da sauri, saukar kuma babu daɗi. Sai mutum ya ƙara. Bayan ɗan lokaci ya sake ƙarawa. Daɗin na raguwa domin rumbun serotonin ya fara yashewa, amma bugun zuciya da hawan jini da zafin jiki taruwa suke yi kan juna. Wanda ya sayo da niyyar ya kai shi mako, kafin asuba ya karkaɗe leda.

Sadiƙ, Pune
Anti, wallahi kamar kina gidan. Duk bayan ɗan lokaci sai in ji ya shiga banɗaki ya fito. Na ɗauka gudawa yake yi.

Sista Bilkisu, Ingila
Sannunku da hira, yanzu na sauko daga aikin dare na tarar da zancen. Ni a gabana aka yi yayin abin nan. Ban daɗe da fara aiki a sashen gaggawa ba, ƙarshen 2009 zuwa farkon 2010, kowane ƙarshen mako sai an kawo mana su. A lokacin doka ba ta hana shi ba. A intanet ake oda ɗan aike ya kawo har ƙofa, ko a saya a wasu ƙananan kantuna, leda ɗauke da rubutun takin shuka ko gishirin wanka, a ƙasa an rubuta wai ba don ɗan Adam ya sha ba. Wannan rubutun shi ne dabarar. Da sun ce na sha ne, dokar magunguna ta hau kansu. To ka ji asalin takin furen da yaronka ke faɗa, Sadiƙ.

Akwai wanda ba na mantawa, saurayi bai fi shekara 19 ba, abokansa suka kawo shi wajen ƙarfe huɗu na dare. Jikinsa kamar garwashi, ma'auni ya haura 40, amma yatsun hannu da na ƙafa sanyi ƙalau, har sun yi shuɗi-shuɗi saboda jijiyoyin jini sun tsuke. Hanci na ɗigar jini, cikin kumatu duk ya tattaune. Mutum huɗu muka riƙe shi. Muka yanke rigar da almakashi, muka jera ledojin ƙanƙara a hammata da matsematsi da wuya, likita na ba shi allurar kwantar da jijiya irin su diyazefam, a ƙara a sake ƙarawa. Gwajin fitsarin da muke da shi a lokacin bai nuna komai ba, don ba a yi shi domin wannan sinadarin ba. Sai ledar da aka ciro daga aljihunsa ce ta gaya mana. Ya rayu, amma ya kwana biyu a sashen kulawa ta musamman ana lura da ƙodarsa, domin naman jiki in ya yi zafi haka narkewa yake yi ya toshe ƙoda.

Ummi, ki rubuta wannan: ba shi da makari. Allurar naloksun da ke farfaɗo da mai hiroyin ko mai kodin ba ta yi masa komai. Sanyaya jiki, kwantar da jijiya, ƙarin ruwa da lura da zuciya, shi ke nan abin da muke da shi. Kuma ɗirka wa mutum ruwa ba ƙaƙƙautawa shi ma haɗari ne, gishirin jini na iya faɗuwa ƙwaƙwalwa ta kumbura.

Barista Nura, Abuja
Sista Allah ya saka da alheri, ban musa abin da idonki ya gani ba. Amma a bar ni in kawo ɗaya gefen, domin tarihin abin nan cike yake da ƙarin gishirin 'yan jarida. A Maris 2010 samari biyu suka mutu a yankin Sikantof, jaridun Ingila suka yi ca a kan miyau-miyau ne ya kashe su. Cikin 'yan makonni, ranar 16 ga Afrilu, aka haramta shi. Da sakamakon gwajin gawa ya fito, babu mefedron a jikinsu ko ɗigo, metadon ne aka samu, wani magani dangin hiroyin. Haka a Mayami ta Amurka a 2012, da wani ya far wa wani bawan Allah ya yayyage masa fuska da haƙori, duniya ta ɗauka gishirin wanka ne, gwaji ya fito wiwi kawai aka gani. Kafin nan ma gwamnatin Birtaniya ta kori shugaban kwamitin da ke ba ta shawara kan ƙwayoyi, Farfesa David Nutt, a Oktoba 2009, kuma wani ɗan kwamitin ya ajiye aiki saboda gaggawar da aka yi kan mefedron. Dokar da aka gina kan firgici me ta haifar? Kasuwa ta koma hannun dillalan lungu, kuɗi ya tashi, gauraye ya ƙaru.

Sista Bilkisu, Ingila
Barista, batun samarin nan gaskiyarka ne, ba shi ya kashe su ba. Amma kada a ɗauka bai kashe kowa ba. Tun Disamba 2008 wata budurwa mai shekara 18 ta mutu a Sitokhom bayan ta sha shi, a watan ne ma Suwidin ta ɗauki mataki a kansa. A nan Ingila ma an tabbatar da mace-mace daga baya, akasari an haɗa shi da giya ko wasu ƙwayoyin.

Hajiya Rabi Famasi, Kano
Barista, ƙaryar ɗan jarida ba ta mayar da guba zuma. In an yi wa ɓarawo ƙazafin satar da bai yi ba, ba shi ke nuna ya tuba ba.

Barista Nura, Abuja
Hajiya ban ce zuma ba ne. Cewa na yi haramta suna ɗaya-ɗaya aikin baban giwa ne. Ku duba ma dalilin da ya sa ya samu kasuwa tun farko. A 2008 an ƙona tan 33 na man itacen da ake haɗa ekstasi da shi a Kambodiya, ekstasi ta yi ƙaranci a Turai, hodar iblis kuma ta cika gauraye. Matsa lamba a wuri ɗaya ce ta buɗe wa mefedron ƙofa. Da aka rufe shi a Afrilun 2010, nan da nan wani ya fito da sunan NRG-1, aka bi shi da doka a Yuli. Kamar babur ne da ake nema, a canza masa lamba a sake fitowa titi. Malam Habibu, gyara mini in na yi kuskure, ba guntun nan na bakin ludayi aka matsar ba aka samu wani sabo?

Malam Habibu, Zariya
Haka ne Barista. A ɗaga metil ɗin daga wuri na 4 a mayar da shi na 3, an samu 3-MMC. Zarra ɗaya ba ta ƙaru ba, ɗaya ba ta ragu ba, nauyinsu daidai, har na'urar gwaji ma sai an yi da gaske take raba su. Amma a idon dokar da ta ambaci suna, wani abu ne daban. Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa mefedron cikin jerin abubuwan da ake sa wa ido a 2015. Shi kuwa 3-MMC sai da Holan ta haramta shi a 2021, Majalisar ta biyo baya a 2023. Kafin a kai nan an riga an fito da masu kulorin a madadin metil.

Abin da ya fi tayar mini da hankali ba dokar ba ce. Wani canjin ba lamba kawai yake canzawa ba, injin yake canzawa. In aka tsawaita mariƙin ludayin aka naɗe naitirojin cikin ɗan zobe, sai a samu su MDPV da alfa-PVP. Waɗannan sun yi ƙiba, famfon ba ya iya zuƙe su, sai su tsaya a baki su toshe shi irin na hodar iblis, amma da ƙarfin da ya ninka nata sau da yawa, kuma kusan ba ruwansu da serotonin. Nasu ba surutu da son mutane ba ne, tsoro ne da zargi da ganin ana bin mutum. Abin da zai cika cokali na wancan, ɗan laƙace na wannan ya fi shi. Duka kuma farin gari ne, a leda iri ɗaya, da suna iri ɗaya. Da aka gwada ledojin NRG-1 ɗin da ka ambata, da yawa ba abin da aka rubuta ne a ciki ba, an samu har da mefedron ɗin da aka haramta da MDPV.

Hajiya Rabi Famasi, Kano
Tunda an kawo alfa-PVP, ga amsarka Barista. Shi ne ake kira fulaka, wanda ya addabi gundumar Burawad a Fulorida ta Amurka a 2014 da 2015. A Oktoba 2015 Sin ta haramta sinadarai 116 a lokaci guda har da shi, ita ce kuma inda ake sarrafa shi a lokacin. Cikin 'yan watanni asibitocin yankin suka daina ganin masu shi kamar da. Ashe doka na aiki in an toshe daga tushe. Birtaniya ma ta gaji da bin suna ɗaya-ɗaya, a 2016 ta yi doka guda da ta hana sayar da duk wani abu mai juya ƙwaƙwalwa, ta ware giya da taba da kafeyin da abinci da magungunan asibiti.

Barista Nura, Abuja
Na karɓi na Fulorida. Amma dokar da sai ta ware shayi da kofi da suna kafin a gane ba su take nufi ba, a wurinmu lauyoyi akwai magana. Mu bar shi a nan, kada mu tsere wa tambayar yaro.

Alhaji Ɗanladi
Ku yaran zamani kuna ganin sabon abu ne. Muna samari akwai wata 'yar ƙwaya da leburori da masu noman kwadago ke sha, ana ce mata arungumi-zaki. Mutum ya yini yana huɗa ba ci ba gajiya, bayan kwana biyu ka same shi a zube kamar tsumma.

Mamman, Maraɗi
Ina gaida zaure. Hajiya, mu a nan abin da ya dame mu tiramadol ne, 'yan kabu-kabu da masu aikin ƙarfi sun mai da shi kamar goro. In yaron da ya saba da tiramadol ya je waje karatu ko ci-rani ya haɗu da irin wannan, yaya ke nan?

Hajiya Rabi Famasi, Kano
Malam Mamman, wannan haɗin na cikin mafi muni, ta hanya uku. Tiramadol ba kashe ciwo kaɗai yake yi ba, shi ma yana hana a zuƙe serotonin da noradirenalin. Ɗaya na watsowa, ɗaya na hana kwashewa, sai serotonin ya yi ambaliya: zazzaɓi mai tsanani, karkarwa, tsokoki su sandare, hankali ya gushe. Na biyu, kowannensu shi kaɗai yana iya jawo farfaɗiya, balle an gama su. Na uku, a hanta ma'aikaci ɗaya ne ke sarrafa su, wani sinadari da ake kira CYP2D6, wanda shi ne ma ke juya kodin ya zama mofin. In sun taru sai su yi masa cunkoso.

Wannan ma'aikacin kuma ba daidai yake a jikin kowa ba, gado ne. Cikin Turawa kamar kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari kusan ba ya yi musu aiki. A Habasha an samu kusan kashi 29 cikin ɗari nasu gudu yake yi fiye da kima. A cikinmu baƙaƙen Afirka kuma akwai wani nau'i mai sanyin aiki da ya yawaita. Shi ya sa zancen "ai abokina ya sha bai yi masa komai ba" ba hujja ba ce. Haka masu shan maganin ciwon damuwa irin su fuluwoksetin, shi ma yana danne wannan ma'aikacin kuma yana ɗaga serotonin.

Malam Habibu, Zariya
Abin mamaki ma, Hajiya, a kantinki akwai ɗan gidan nan. Bufurofiyon da ake bai wa masu ciwon damuwa da masu son barin taba, a zane katinon ne cikakke.

Garba Direba
To ashe magani ne! Ku kuka tsorata mu.

Hajiya Rabi Famasi, Kano
Garba, fetur da kananzir daga rijiya ɗaya suke, zuba fetur a fitilar gidanka ka gani. Bufurofiyon an lulluɓe naitirojin ɗinsa da ƙaton guntu, ba ya juya famfo, a hankali yake aiki, an san nauyin kowace ƙwaya, kuma duk da haka ba ma bai wa mai farfaɗiya.

Sadiƙ, Pune
Na gode ƙwarai iyayena da yayyena. Ga halin da ake ciki. Tun jiya da la'asar ya kwanta, sai ɗazu ya tashi. Ya ƙi cin komai, ya ce bakinsa ciwo. Na same shi zaune a ƙasa ya haɗa kai da gwiwa yana hawaye, na tambaye shi me ya faru ya ce shi ma bai sani ba. Mutumin da shekaranjiya ya rungume ni yana cewa ni ne ɗan'uwansa na duniya. Me zan yi?

Sista Bilkisu, Ingila
Ƙanena, wannan saukar ce, rumbun da Hajiya ta faɗa ne ya yashe. Takan ɗauki kwanaki. Ka ba shi abinci mai laushi da ruwa daidai ƙishi, ya yi barci. Amma ka saurari bakinsa da kyau. In ya fara zancen ya gaji da rayuwa ko gara ya mutu, kada ka ɗauke shi wasa kuma kada ka bar shi shi kaɗai, a irin kwanakin nan ne wasu ke hallaka kansu. In kuma ya sake sha ka ga ciwon ƙirji, ko jiki ya yi zafi rau, ko jijjiga, ko ya daina gane mutane, ko fitsari ya koma kalar shayi, asibiti kai tsaye, kada ka tsaya jiran ya wuce. Ka gaya wa likita sunan abin da ya ce ya sha, da duk wani magani da ka san yana sha. In ya dawo hayyacinsa ka lallashe shi ya ga likitan ƙwaƙwalwa, akwai masu aikin raba mutane da ƙwaya.

Barista Nura, Abuja
Ni kuma nawa: kada ka taɓa ledar, kada ka ajiye masa komai, kada ka karɓar masa saƙo daga ɗan aike ko da ya ce littafi ne. Dokar Indiya kan ƙwayoyi tana da tsauri, beli na da wuya in kayan sun yi yawa. Ka fara neman wani ɗaki.

Sadiƙ, Pune
Barista kuɗin hayar mun biya har ƙarshen zango, amma zan yi magana da wani ɗan Katsina da ke unguwar gaba ko zai ba ni wuri. Yanzu ma ya leƙo ɗakina, wai in ranta masa rufi 2,000, kuɗin Indiya, zuwa Juma'a.

Hajiya Rabi Famasi, Kano
Kada ka ba shi ko rufi ɗaya. Dama masa kunu in kana da gari, ka zauna kusa da shi har ya shanye.